Surukin da Ya Ƙona Tubali

Lufeyo ya tare a garinmu shekarar da ya auri yayata Estere, kamar yadda kowane ango ke tarewa a garin matarsa. Daga Kasungu ya zo, da keke, da fartanya, da wani akwatin ƙarfe cike da sifana da guntayen roba, don gyaran keke ne sana'arsa. Aka nuna masa fili a bayan ɗakin surukarsa ya kafa ɗakin ciyawa, aka nuna masa gonar Estere ya duƙufa. Mkamwini muke ce wa irinsa, surukin da ke zaune a ƙasar dangin matarsa. Zai yi noma, zai haifi 'ya'ya, amma ƙasa ta mata ce, 'ya'ya kuma na dangin uwa ne, kawunsu ke da ta cewa a kansu. Haka mijina yake zaune, haka ubana ya zauna har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ban taɓa jin wani a gindin dutsen Dedza ya ce da sake ba.

Estere ɗiyar yayar uwata ce, a tabarma ɗaya muka tashi, saboda haka mijinta abokin wasana ne, kuma ban taɓa raga masa ba. Dogo ne siriri, ga kunnuwa fato-fato, ga nauyin baki, sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar maka da ɗaya. Ina ce masa Mijin Yaya, shi kuma ya sa mini suna Rediyo, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare. Sunana Enelesi, amma 'ya'yansa sai da suka yi wayo suka sani. Tsakaninsa da Nambewe, uwar Estere, kuwa sai kunya irin ta mutanen da. In suka yi kiciɓis a hanya, zai ratse cikin masara ya ba ta baya har ta wuce. Ba su taɓa haɗa ido ba, ba su taɓa zama a inuwa ɗaya ba, duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakin Estere yake bi.

Sai aka wayi gari babu Estere. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a ƙarshen damina, masara ta fara bushewa, muka ɗauka za ta tashi kafin girbi. Ta bar Tadala a aji biyu, ta bar Yankho bai shiga makaranta ba, ta bar Mwayi a nono, ko zama ba ta iya ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tsaya ba na iya ci gaba.

Ranar da aka watse daga zaman makoki kowa ya san abin da zai biyo baya, ba sai an faɗa ba. In matar mkamwini ta mutu, akan bar shi ya shekara, ya girbe gonarta, sannan dangi su taru a yi kusudzula, wato a sallame shi. A gode masa, a ba shi gari da kaza da fartanyarsa, 'yan'uwansa su zo su tafi da shi, ya je ya sake aure. 'Ya'ya su zauna inda aka binne cibiyarsu. Mu a wajenmu wannan sauke wa mutum kaya ne, ba wanda ke kallonsa a matsayin mugunta. Lufeyo ya sani, mu ma mun sani, shekara guda ta rage masa tare da yaransa.

Mwayi aka fara ɗauke masa, don wa ya taɓa ganin namiji da jinjira? Aka kai ta ɗakin Nambewe. Tsohuwar nan ta goya 'ya'ya da jikoki ba adadi, amma wannan ta gagare ta. An dama kunun masara da waken soya, ta ƙi. An sa madara, ta furzar. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta koma buɗe baki kawai ba sauti. Ɗakin Lufeyo yana nan kusa, yana jin komai, kuma ba shi da ikon taka ƙofar surukarsa. Sai ya kifa turmi a bayan rumbu ya zauna, ya ɗauki wata tayar keke yana jujjuyawa, ba abin da yake gyarawa.

Wata safiya na fito da bokiti zan tafi famfo ya tare ni. Ban taɓa jin shi ne ya fara yi wa mutum magana ba sai ranar.

"Rediyo, ɗauko mini ita."

"Ka ba ta me? Nono gare ka?"

"Ke dai ɗauko mini ita."

Na shiga na ce wa Nambewe zan ɗan zaga da yarinya ta sha iska. Ya karɓe ta, ya ɓalle maɓallan rigarsa ya kwantar da ita a ƙirji, yana yi mata wani gurnani ƙasa-ƙasa wanda shi a ganinsa waƙa ce. Ya tsoma ɗan yatsa a kunu ya sa mata a baki. Ta tsotsa. Ya sake, ta sake. Ina tsaye da bokitina har kunun ya yi rabi, ranar ban je famfo ba sai da rana ta take. Daga nan na zama 'yar aike, in ɗauko ta da safe in mayar da yamma, kullum da ƙaryar shan iska. Ran nan na koma hannu rabbana na ce ta yi barci a can, ban so in tashe ta ba. Nambewe tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce in kai masa bargon yarinyar, garin da sanyi.

Sai maganar goyo. Mutum ba zai yi noma da facin taya da jinjira a hannu ba, dole ya koya. Na ɗora masa ita a baya, na ɗaura zanin Estere, ya miƙe, zani ya zame har ƙugu. Muka sake, ya sake zamewa. Na ce masa ai Allah bai ba shi abin da zai tokare zani a gaba ba, ƙirji kamar allo. Ya buɗe akwatinsa, ya yanko doguwar roba daga tsohon tiyub, ya ɗaura a kan zanin ya ratayo ta ta kafaɗa. Goyo ya zauna daram. Da shi ya je kasuwa ya zauna gindin bishiyarsa, Mwayi na leƙen duniya ta bayan kunnensa. Maza suka samu abin yi. Wani mai sayar da dankali, wanda kowa ya san halin da yake ciki a gida, ya fi kowa zaƙewa, kullum sai ya tsaya ya gaishe shi da muryar mata.

"Maman Mwayi, an tashi lafiya? Yau me aka dafa mana?"

Lufeyo ya jure har ya gaji. Ran nan yana buga wa taya iska, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Tuwo da ganyen kabewa. Ka biyo ka ci, na ji matarka ta sake fito maka da tabarma waje."

Aka kwashe da dariya, mai dankali bai sake bi ta nan ba sai da kekensa ya lalace.

Tuwon kuwa a farko ba na gayyata ba ne. Gudaji ne zalla, ƙasa ta ƙone, tsakiya ɗanyen gari. Yankho ya taɓa ɗaga loma ya duba ya ce wa ubansa tuwon nan akwai duwatsu masu laushi a ciki. Na riƙa aiko musu daga tukunyata, ya karɓa na ɗan lokaci, sannan ya ce a'a, in zo dai in tsaya a kansa. Na tsaya, na yi ta zaginsa, ya yi ta tuƙi, har hannunsa ya faɗa. Ya koyi daka gyaɗa a zuba a ganye, ya koyi wanke ƙananan busassun kifi har yashi ya fita. Ya bi layin famfo da mata yana wankin tsummokaran Mwayi, suka yi ta gulmarsa a gabansa, daga baya suka manta namiji ne suka koma gulmar mazansu. Ranar awon yara a ƙaramin asibiti shi kaɗai ne mai gashin baki a layi, kuma da ma'aikaciya ta ce iyaye mata su tashi a yi waƙar tsafta, ya tashi ya yi tafinsa har ƙarshe.

Da Tadala ne kawai muka yi saɓani da shi. Yarinyar ta ɗauki tsintsiyar uwarta tun ba a ce mata ba, ta fara tashi da wuri tana shara da wanke-wanke, ta fara fashin makaranta don ta riƙe Mwayi. Mu mata muka yi ta yabonta, muka ce Estere ta bar magajiya. Shi kuwa ya karɓe tsintsiyar, ya liƙe mata takalmi da gam ɗin faci, ya raka ta har ƙofar aji. Na ce masa 'ya mace ce, bari ta koya. Ya ce za ta koya, amma ita ma uwa ta rasa, ba aiki ta samu ba.

Akwai abin da na fi so a cikin duk wannan. Tun rasuwar uwarsa Yankho ya koma fitsarin kwance. Kullum da safe za ka ga Lufeyo ya shanya tabarma da bargo a kan danga, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce rufi ne ke yoyo. Ana tsakiyar rani, ko gajimare babu, shi dai rufi ne ke yoyo. Yaron yana tsaye a gefe yana gyaɗa kai, ya yarda da ubansa ɗari bisa ɗari.

Da damina ta sauka sai rufin ya ɗauki maganar da gaske. Gara ta cinye sandunan, ciyawa ta ruɓe, ya yi faci da leda da buhu, ruwa ya ci gaba da samun hanya. Bango ɗaya ya jiƙe ya fara zubewa. A wannan danshin Yankho ya kamu da ciwon haƙarƙari, numfashi sama-sama, jiki kamar garwashi. Lufeyo ya bar mini 'yan matan, ya goya yaron da robar nan tasa, ya tuƙa keke cikin laka har asibitin Dedza. Yaro ya tashi, mun gode Allah, amma uban ya dawo da wani abu a ransa wanda bai gaya wa kowa ba.

Shekara ta zagayo, aka girbe masara, gonar Estere ta cika rumbu. Maganar sallama kuwa sai jan ƙafa ake yi. Kowa na da ido, an ga Mwayi ta yi kumatu tana bin bango, an ga Tadala ta shiga aji uku. Kawu Zakeyu, ƙanin Nambewe, shi ne mai faɗa a ji a kan 'ya'yan gidanmu, kuma in an taɓo masa zancen sai ya ce ba gaggawa. Da Lufeyo ya yi lamo, da wataƙila an yi ta tafiya haka, wata shekara ta bi wata. Sai kawai muka ga mutum a fadama da sassafe, da goyonsa, yana kwaɓa ƙasa yana buga tubali.

Buga tubali ba komai ba ne, kowa na yi. Da ya fara jera su tsibi guda da ramukan wuta a ƙasa, ya fara tara itace, sai na gane inda ya dosa. Ƙona su zai yi. Mkamwini ba ya dasa mangwaro, ba ya ƙona tubali. Ɗakin laka in mai shi ya tafi ruwan sama zai mayar da shi ƙasa, amma jan tubali cewa yake yi na zo ke nan, kuma baƙo ba ya faɗin haka a ƙasar mutane. Mijina ya je ya yi masa magana ta maza. Ni na je na yi masa tawa, wadda aka jiyo har tsallaken rafi. Na ce an fara mantawa da shi yana tuna wa mutane, wa ya aike shi? Ya ci gaba da shafe tsibin da laka, sai da na tsaya jan numfashi ya ce Yankho ba zai sake damina a ƙarƙashin ciyawar nan ba. Na ce to in aka sallame shi fa? Ya ce in aka sallame shi ai sun fi bukatar ɗaki mai kyau.

Ya kunna wuta. Hayaƙi ya tashi har ana hangowa daga garin matar Kawu Zakeyu, inda shi ma yake nasa zaman surukutar, kuma kafin tsibin ya huce Kawu ya iso da sandarsa. Ni ba zan ce Kawu mugu ne ba. Shi ya riƙe ni a makaranta, shi ya tsaya a aurena, kuma ya ga abin da ya faru a wani gari kusa da mu, inda suruki ya yi ginin jan tubali, ya mutu, danginsa suka zo suka ce gida nasu ne har da filin da ke ƙarƙashinsa. Ƙasar nan ita ce abin da 'ya'yanmu mata za su ci, shi kuma shi ke gadinta. Ya zagaya tsibin, ya ƙwanƙwasa tubali ɗaya da sanda, ya saurari ƙarar, ya ce an ƙona da kyau. Sannan ya ce a aika Kasungu, lokacin sallama ya yi. A nan tsaye ya raba yaran: Tadala za ta tafi Lilongwe wajen ƙanwar Estere, Yankho zai koma wajen shi Kawun, Mwayi ta koma ɗakin Nambewe.

Lufeyo bai fasa komai ba. Ya haƙa harsashi, ya ɗauko wani magini abokinsa, bango ya fara tashi. Da yamma sai ya zo ƙofata yana so ya koya mini abubuwa, wai Mwayi ba ta shan kunu da zafi, wai in Yankho ya jiƙa shimfiɗa in gaya wa matar Kawu kada ta yi magana, wai Tadala in ta yi shiru da yawa a zaunar da ita kusa da mutum. A cikin haka ya ce mini shi ma yana ƙarami aka sallami ubansa, kuma abin da kawai yake tunawa da shi warin taba ne a rigarsa, fuskar ta ɓace masa. Na ce ni ban iya komai ba kuma ba zan koya ba, ya je ya gaya wa Kawu. Na shiga ɗaki na yi kukana, don haushinsa nake ji, da na Kawu, da na Estere da ta tafi ta bar mu da wannan.

Ranar ta zo, wata Asabar da hantsi. Wan Lufeyo, Mateyu, ya iso daga Kasungu. Aka tura Tadala da Yankho ƙofata, aka ce su zauna can, wannan ba zancen yara ba ne. Aka zauna gindin ɓaure, maza a kujeru, mu mata a tabarmi. Nambewe ta zauna a gefe ta juya wa surukinta baya, yadda ya kamata. A tsakiya aka ajiye kwandon gari, da kaza an ɗaure mata ƙafa, da fartanyarsa. Lufeyo ya zo cikin rigarsa ta zuwa coci, da Mwayi a baya, don an yi an yi ta sauka ta ƙi.

Kawu ya yi magana mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ya ce mutumin nan bai taɓa ɗaga wa 'yarmu murya ba, ya yi jinyarta, ya binne ta, ya riƙe mana yara fiye da yadda aka nema. Ya ce ba za mu ɗaure mutum da sauran ƙuruciyarsa a bakin kabari ba, ya je ya sake sabon zama, ƙofa a buɗe take duk ranar da ya so ganin yara. Mateyu ya amsa da godiya. Ya ce su ma suna bukatar ɗan'uwansu, 'ya'yan 'yan'uwansu mata sun taso ba mai tsawata musu sai shi kaɗai, an ware wa Lufeyo gona, har akwai wata da ake yi masa sha'awa. Abin da ya rage shi ne Lufeyo ya tafa hannu ya ɗauki fartanya, shi ke nan.

Ya taso ya durƙusa, ya tafa hannu a hankali, amma bai taɓa fartanyar ba. Ya nemi izinin magana, abin da mkamwini ba ya yi a irin wannan zama. Kawu ya ce ya faɗa.

"Kawu, na yi laifi da ban zo na same ku ba kafin in kunna wuta, ku yafe mini. Amma ɗakin nan ba nawa ba ne. Filin na uwar Tadala ne, ƙasar da na kwaɓa daga fadamarku ta fito, to ɗakin na Tadala ne da ƙanwarta. Ga Yaya Mateyu nan ya ji da kunnensa, ba ɗan Kasungun da ke da ko rabin tubali a ciki. Ni roƙona ɗaya ne, a bar ni in zauna baƙo a gidan 'yata, ko a baranda ne. In dafa musu, in raka su makaranta. Kada a raba su uku, Kawu. Sun rasa ɗaya, kada a ƙara musu."

Tun da na san shi ban taɓa jin ya haɗa magana mai tsawon haka ba. Mwayi kuwa ta kama kunnensa tana ja.

Kawu ya ce magana ce mai daɗin ji, amma yau yana faɗin haka, gobe zai ga wata, sai ya kawo mana bare ta zauna a ƙasarmu ta haifi nata? Lufeyo ya ce ranar da ya ga wata, shi da kansa zai ɗauki fartanyar nan ya bi ta garinsu, ba sai an tara kowa ba, amma a yanzu mace ɗaya ce ke tashinsa da asuba, ga ta nan a bayansa. Wasu mata suka toshe baki suna dariya. Mateyu bai yi dariya ba. Ya tambaye shi su fa, su ba 'yan'uwansa ba ne? Lufeyo ya ce yaran Kasungu suna da iyayensu mata, suna da Mateyu, a ba wani gonar da aka ware masa. Na ga maganar ta yi wa Mateyu ciwo, ta kuma yi wa mai faɗinta, don ba wanda ke sallama gonar uwarsa da daɗin rai.

Kawu ya yi ta zane a ƙasa da sanda. Ya ce shi bai taɓa ganin an yi haka ba, in aka fara, gobe kowane suruki zai ƙona tubali ya ce na 'yarsa ne. Ya miƙa hannu zai tura kwandon garin gaba. Sai Nambewe ta yi gyaran murya, har yanzu ba ta juyo ba.

"Zakeyu."

"Na'am, Yaya."

"Ni ban san fuskar mutumin nan ba. Tun da ya zo garin nan bayansa kawai nake gani, in ya ratse mini a hanya. To shekara guda ke nan da wani abu, duk sanda na hangi bayan nan, akwai jikata a kai."

Ta dafa ƙasa, ta juyo da jikinta gaba ɗaya, a hankali, don gwiwa ta daɗe da ƙin ta. Mata suka kama baki. Lufeyo ya yi maza ya kifa fuskarsa.

"Ɗago, ɗana. Na binne 'ya, ba zan kuma sallami ɗa ba. Wa zan ji wa kunya, wanda ke wanke kashin jikata?"

Ya ɗago. Ta jima tana kallonsa, sannan ta ce, "Ashe gaskiyar Enelesi ce, kunnuwan nan akwai girma."

Ni na fara guɗa, ban ma san na miƙe ba, sauran mata suka ɗauka. Daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko a aurena. Kawu shi ne mai magana, amma ƙasar ta Nambewe ce, kuma ita ta goya shi yana ƙarami. Ya janye hannunsa daga kwando, ya ce to, tunda masu ƙasa sun faɗa, amma kowa ya shaida ɗaki na Tadala ne, kuma a je a gaya wa mai gari. Aka shaida. Kazar da aka ɗaure don rakiya aka yanka, garin aka tuƙa. Kafin tuwo ya nuna Kawu ya zagaya wajen ginin, ya rufe ido ɗaya ya duba kusurwa, ya ce ta karkace, jikokinsa ba za su kwana a karkataccen ɗaki ba, ya tuɓe kwat ya nemi igiya. Ɗakin yana nan har yau da karkatacciyar kusurwarsa, don shi ma Kawun bai iya gini ba. Mateyu kuwa ya ce motar yamma zai bi, amma ya karɓi Mwayi ya ɗaga ta sama ya ce ta yi nauyi.

Sai da aka fara rabon abinci na tuna da yaran da aka tura ƙofata. Na je ban same su ba. Na duba bayan rumbu, na duba famfo, na dawo na raɗa wa Lufeyo. Ya miƙa wa Nambewe Mwayi hannu da hannu, muka bi hanyar da ke fita zuwa titi. Can muka hango su inda hanya ta rabu, zaune a kan dutse. Tadala ta sa rigar makaranta da takalmi, ta wanke wa Yankho fuska, ta sa masa riga a bai-bai. A gefenta akwai ƙunshi ɗaure cikin ɗankwali, har gammo ta naɗa. Ba wanda ya gaya mata komai, amma ta ga kaza a ɗaure, ta ga baƙo daga Kasungu.

Da ta ga ubanta ta miƙe, ta ɗora ƙunshin a ka, ta kama hannun ƙaninta.

"Baba, mun shirya. Ba za mu ce mun gaji ba, na gaya wa Yankho."

Lufeyo ya tsaya cak. Ya durƙusa, ya sauke mata ƙunshin, ya kwance. Rigunansu ne, da ta Mwayi, da guntun sabulu, da dafaffen dankali guda huɗu.

"Ba inda za mu je, Tadala."

"Kai ma?"

"Ni ma."

"Har gobe?"

"Har sai kin gaji da ni."

Ta dube shi, ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Sai a lokacin ta saki hannun Yankho, ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe. Ya ɗauke ta duk girmanta ya ɗora a kafaɗa, Yankho ya kama ƙafar wandonsa, suka juya gida. Na tattara ƙunshin na biyo su a baya, ina jin Yankho yana tambaya ko yanzu an yarda ya ci dankalinsa.